Lungun Ƙasan Allo

Shekara ashirin da shida ina dukan tafireta
a wannan ofishi na Kongo,
har yatsuna suka san haruffa kamar 'ya'yan maƙwabta.
Ranar wata Talata aka ɗauke ta,
aka ajiye mini allo mai haske
da linzamin da babu doki a ƙarshensa.

Kowace safiya sai in kama doguwar hanya.
In danna nan, in jira,
in gangara jerin sunaye
kamar baƙo mai neman rumfa a kasuwar Sabon Gari,
in wuce ta, in dawo, in sake wucewa.
Kafin in isa akwatin imel
shayina ya huce, ƙuda ya yi wanka a ciki.
Saƙo arba'in na jirana.
Wani na neman takardar sakamako tun kafin azumi,
wani ya rubuta "da gaggawa" har sau uku
sai ka ce ni ke ɗauke wutar.

Kubura, 'yar bautar ƙasa daga Gombe,
ta tsaya a bayana tana tauna aya.
Ta ce, "Baba Tanimu, kai da kake ɗan birni,
in za ka Ƙofar Doka, titi kake bi?"
Na ce Allah ya sawwaƙe.
Akwai lungu bayan gidan masu ɗinkin hula,
ka sunkuya ƙarƙashin indararo, ka tsallake kwata,
sai ga ka.

Ta ce, "To ga lungunka."
Ta nuna siririn layin nan na ƙasan allo
wanda ba na kallo sai in zan duba agogo.
Ta jawo ɗan shuɗin ambulan ta kafe shi a can,
farkon sahu,
kamar akuya a turke.
"Danna shi ta dama."
Na danna. Jeri ya miƙe tsaye:
sabon saƙo, sabon alƙawari, sabon adireshi.
"In linzamin ma ya gundure ka,
riƙe maɓallin taga, taɓa ɗaya."
Na riƙe, na taɓa.
Akwati ya buɗe tun ban gama bisimilla ba.

Yanzu lamba ce ke zaune a kan ambulan,
tana faɗa mini mutum nawa ke bakin ƙofa
ba sai na leƙa zaure ba.
Bakwai. Huɗu. Babu.
Wuta na tafiya sha ɗaya,
ni kuwa na sallami kowa tun goma da rabi,
ina shan shayi da zafinsa,
ina kallon ƙadangare a jikin mangwaro.

Ba zan ɓoye ba, lungu ma yana da santsi.
Na taɓa tura wa shugaban sashe
lissafin adashin masinjoji,
har da sunan wanda bai zuba ba.
Sauri ya haifi nawa.
Kwana biyu ina gaishe shi ido a ƙasa.

Kubura ta gama, ta hau mota a Kwangila,
ta bar mini rabin mudun aya a durowa.
Jiya da la'asar lamba ɗaya ta ɗare kan ambulan.
Sunanta.
"Baba, ana bin lungu kuwa?"

Na riƙe taga, na taɓa ɗaya,
sannan na gyara tabarau na zauna sosai.
Ina gajiya, ina gida, yaya mahaifiyarki da ƙafa,
yaya ruwa a wajenku, an samu aikin?
Layi tara ban kai ga amsa ba.
Masinja ya leƙo da makulli a hannu,
na ce ya ɗan jira,
ban tambayi ƙannenta ba tukuna.